Sadaukar da Ɗa a Wasan Dara

A lokacin da nake gwajin koyarwa a Doguwa, kusa da dajin Falgore, kowace la'asar nakan je gindin tsamiyar da dattawa ke dara. Gidaje 30 ake haƙawa a ƙasa, kowa da 'ya'ya 12. Wanda ya jera uku sai ya ci ɗa guda na abokin karawarsa.

Wani tsoho ne ya fi ba ni mamaki. Da an gama kasawa, da gangan yakan bari a ci masa ɗa, har 'yan kallo su yi tsaki. Kafin a ankara ya sami gurbin da yake nema, yana shiga yana fita, yana ci. Daga baya na karanta cewa irin wannan kasadar Adolf Anderssen ya yi a darar Turawa a Landan a 1851, inda ya sadaukar har da sarauniya, ya kuma yi nasara.

Rannan na kwaikwaye shi. Na bayar, na ƙara, ban lissafa abin da zai biyo baya ba, har 'ya'yana suka koma biyu.

"Malam, kai kyauta ka yi," in ji shi, "ni kuwa rance nake bayarwa."

Yana tattara tsakuwarsa aka kira magariba.