Kunnen da Na Samo a Madabo

Muna yara a Madabo, da hantsi bayan an tashe mu daga makarantar allo, akwai wani wasa da mu uku muka ƙirƙira. Sai mu rarrabu a lungu, kowa ya kwanta ya manna kunne da ƙasa. Mata na lugude a cikin gidaje, bugun taɓarya na ratsowa ta ƙarƙashin katangun ƙasa har cikin ƙirjinmu. Wanda ya fi jin bugun da ƙarfi shi ne kusa da turmin. Da mun haɗa abin da kowa ya ji, sai mu nuna gidan. Kakata kan ce, "Ku dai ba za ku bar wa wanki hutu ba!"

Ban san sana'ata nake koyo ba sai da na tsinci kaina a Borno, ƙarshen shekarun 1980, cikin ayarin masu neman man fetur a yankin Tafkin Chadi. Aikinmu kafa jiyofon, 'yar na'ura mai tsini da maganaɗisu a ciki, ɗaruruwa a jere, waya na haɗa su. Sai a fasa nakiya a rami, a saurari amsawar duwatsun ƙarƙashi. Kafin fashewar kowa sai ya tsaya cak, don takun raƙumi ko kaɗawar iska kan gurɓata sakamakon. Wannan shirun na daji ya sha tuna min hantsin unguwarmu.

Rijiyoyi 23 NNPC ta haƙa a can, aka ga alamun gas, man sayarwa bai samu ba. Sai a 2019 aka sanar da samunsa a Kolmani, tsakanin Bauchi da Gombe, Shugaba Buhari ya ƙaddamar da aikin a Nuwamban 2022. Ranar na tuna abokan aikina da ba su kai ga jin labarin ba, Allah ya jiƙansu.

Yanzu wani lokacin ba a ma buƙatar nakiya. Idan aka tura ruwa da ƙarfi cikin rijiya, dutse kan tsage da motsin da ɗan Adam ba ya ji. Na'urori na kamawa, kwamfuta ta auna wadda sautin ya fara isa gare ta da tazarar sauran, ta nuna gurbin tsagewar. Mu da ƙarfin bugu muke ganewa, ita da lokaci, amma dabarar kunnuwa da yawa ce dai.

Bara na koma lungun da jikana. Na durƙusa da ƙyar, na kai kunne ƙasa. Siminti ne, sai kukan janareta da injin niƙa. Yaron ya ce, "Kaka, me ya faɗi?" Na ce masa turmi nake nema.