Furen ake ci?

Wani mushen lakwal, haifaffen wani ƙauye da ke gabas da Magarya, ya shekara ashirin da ɗoriya yana aiki tsakanin Damagaram da Yamai. Da hutun damina ya zo, sai ya ɗebi iyalinsa ya kai su ganin gida. Ƙauyen yanzu cikin gundumar Dungas yake, tun da aka yanke ta daga Magarya a 2011, amma ban da suna babu abin da ya sake: ga rairayi, ga gawo tsirara babu ganye kamar yadda ya saba da damina, ga tafasa ta rufe bakin kowace hanya.

Kwana biyu da saukarsu, ɗiyarsa mai shekara tara ta bi yara bayan gari, ta komo da ƙwarya cike da ganye, ta ce ta ɗebo ma kaka tafasar kwaɗo. Uban ya leƙa, ya ga ganye kore shar da fure rawaya, ya sa mata albarka. Tsohuwarsa kuwa, da yake idonta ya yi rauni, hannu ta sa, ta murtsuke ganye ɗaya, ta kai hanci.

"Rai-ɗore ne. Ita yarinya ce. Kai fa, ɗan nan, har ka mance?"

"Inna, ai furen duk ɗaya ne."

"Furen ake ci?"

Mushe ya yi tsit. Shekara nawa yana zana ma yara sassan fure a allo da Faransanci, ga shi yau ganyen da ya raine shi ya ɓace masa.

Gaskiya ne furen na ruɗarwa, domin masana tsirrai ma gida ɗaya suka sa tafasa da rai-ɗore da filasko, gidan da suke kira Senna. Don haka tsohuwa ta bar fure, ta baje ganye bisa tabarma. Na tafasa bibbiyu ne, sahu uku, shida ke nan ba ƙari. Bakinsa mai faɗi ne ba tsini, kamar ganyen gyaɗa, kuma idan rana ta faɗi sai ya ninke ya kwanta. Na rai-ɗore yakan kai sahu huɗu ko biyar, yana da tsini kamar bakin mashi, in aka murtsuke shi kuma warinsa kaɗai ya isa shaida. Idan kaka ta yi, kwanso ke raba gardama. Na tafasa dogo ne siriri, a lanƙwashe kamar lauje, ƙwayarsa mai sheƙi, kai ka ce an yanka ta a karkace. Na rai-ɗore a danne yake, ƙwayarsa fale-fale ba sheƙi. Filasko dai ba ya tashi sama, kwansonsa gajere ne mai faɗi, wanda ya taɓa shan shi kuma cikinsa ba ya mance shi.

Mai albashi na iya ɗaukar wannan zancen mata ne a bakin murhu. Amma a yunwar 2005, da rumbuna suka ƙare a jihohin Maradi da Damagaram, tafasa da jiga da anza na cikin abin da ya riƙe mutanen karkara har gero ya nuna. A irin wannan shekara yara ake aikawa ɗibar ganye, yaro mai yunwa kuwa ba ya ƙirga sahu. Rai-ɗore yana da nasa amfani a hannun masu magani, amma ɗanyar ƙwayarsa guba ce, tana ɓata hanta da tsoka, ga mutum da dabba. A gundumar Saharanpur ta ƙasar Indiya an yi shekaru yara na mutuwa bayan damina, ana zaton cutar ƙwaƙwalwa ce, sai a 2007 likitoci suka bayyana cewa ƙwayar rai-ɗore yaran ke ci.

Ɗan kasuwa ma abin ya shafe shi. Ƙwayar tafasa, wadda a da ake takawa a wuce, ta zama haja: ana sayenta a kasuwannin Jigawa da Kano, ƙetaren iyakar nan, a yi lodinta zuwa ƙasar Sin, inda ake shayi da ita. Ana kuma fid da wani gari daga cikinta mai sa abinci kauri, kuma ƙa'idar Tarayyar Turai ita ce kada ƙwayar rai-ɗore ta kai kashi 0,05 cikin 100 na abin da za a niƙa. A buhu mai kilo 100, giram 50 ke nan, abin da bai cika tafin hannu biyu ba. Tsirran biyu kuwa sau da yawa kafaɗa da kafaɗa suke fitowa a juji ɗaya.

Washegari da hantsi tsohuwa ta sake miƙa ma jikanyarta ƙwarya. Wannan karo uban ya bi ta, wai rakiya. Yarinya na tsinka tana ƙirgawa a fili, shi kuma yana ƙirga nasa a zuci, yana satar kai ganye hanci. Da la'asar aka dafa, aka matse, aka kwaɗa da ƙuli-ƙuli da albasa. Tsohuwa ta ɗanɗana, ta ce gishiri ya yi kaɗan. Da dare mushe ya ɗauko littafin da yake shirya darasi a ciki, ya sa ganyen tafasa a shafi ɗaya, na rai-ɗore a na kusa da shi, ya rufe, ya ɗora turmi a kai, saboda komawa lakwal a watan Oktoba.