Makulli Biyu Ne A Kan Wayfai Ɗinka, Wanne Ka Kulle?



Gyaran waya nake yi a nan Zagga, ƙaramar hukumar Bagudo ta jihar Kebbi. Da can aikina bai wuce sikirin da ya fashe ko wurin caji da ya lalace ba. Amma tun farkon 2025 da hukumar NCC ta amince kamfanonin sadarwa su ƙara kashi 50 cikin 100 a kuɗin kira da data, ƙorafin da na fi ji shi ne, "Datata tana ƙarewa ban san inda take zuwa ba." Sau da yawa in na duba, wayar lafiyarta ƙalau. Ƙofa ce aka bari a buɗe.

Mu mutanen bakin iyaka, yanayinmu daban ne. Wanda ya tsallako daga Segbana ta Tsamiya da layin Benin a wayarsa, in ya kunna data a nan, cajin ƙetare zai cinye masa kuɗi nan take. Sai ya ce maka, "Ɗan uwa, ɗan kunna min hotsifot in gaya wa gida na iso." To wa zai hana baƙo? Taimako ne mai kyau. Abin da ke biyo baya ne mutane ba su lura da shi ba.

Tun daga Android 10 da ta fito a 2019, duk wanda ya taɓa hawa wayfai ɗinka zai iya fito da lambar QR a wayarsa, wani ya ɗauka da kyamara ya hau, ba tare da ka sani ba. Wasu wayoyin ma har kalmar sirrin suke nunawa ƙarara a ƙasan lambar. Ka bai wa mutum ɗaya, ka bai wa unguwa ke nan.

Kwanaki wani dattijo mai shagon POS ya kira ni. Ya ce, "Yaro, zo ka duba min rautar nan. Ina cikin tura wa mutum kuɗi sai ta tsaya, ga jama'a a layi, har an fara cewa riƙe kuɗin nake yi." Na shiga saitinta, sai ga waya 14 a kai, alhali nasa biyu ne kacal. Na ce, "Baba, wa ka bai wa kalmar sirri?" Ya ce yaron shagonsa kawai. Kalmar kuwa lambar wayarsa ce, wadda aka rubuta da fenti a jikin allon shagon. Yara suna ta sauke finafinai, shi kuma mutuncinsa yana zubewa a gaban kwastomomi.

Abin da ya fi tayar min da hankali ba wannan ba ne. Kowace rauta makulli biyu gare ta. Na farko kalmar da ake hawa wayfai da ita. Na biyu kalmar shiga ɗakin saiti, wanda ake buɗewa a burauza da lamba kamar 192.168.0.1 ko 192.168.1.1 ko 192.168.8.1, gwargwadon abin da aka rubuta a bayan na'urar. Da yawa suna zuwa daga kamfani da suna "admin", kalmar sirri ma "admin". Ta Baba haka take tun ranar da aka saya. Wanda ya shiga wannan ɗaki zai iya canza kalmarka ya kore ka daga abin da ka saya da kuɗinka. Mugun ma zai iya canza DNS, wato abin da ke nuna wa waya hanyar kowane shafi, ya karkatar da kai zuwa shafin banki na bogi. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Ga abin da nake yi wa duk wanda ya kawo min rauta ko MiFi:

1. Fara da makulli na biyu. Canza "admin" ɗin nan, kuma kada ya zama iri ɗaya da kalmar wayfai.

2. A wajen nau'in tsaro, zaɓi WPA3 in akwai, in babu WPA2. WPA2 ya fito a 2004, WPA3 a 2018. In ka ga WEP, guje shi, an daɗe da fasa shi, mintoci kaɗan ya ishi mai kayan aiki.

3. Kalmar wayfai tana ɗaukar harafi 8 zuwa 63. Kada ka tsaya a 8. Haɗa kalmomi huɗu na Hausa da ba su da alaƙa da juna, ka sa lamba a tsakani. Ban da lambar waya, sunan ɗa, ko 12345678.

4. Kashe WPS. Lambarsa guda 8 ce, amma tun 2011 aka gano gwaji kusan 11,000 ya isa a canko ta, komai tsawon kalmar sirrinka.

5. In rautarka tana da wayfai na baƙi, kunna shi da kalma daban. Wannan za ka riƙa bai wa baƙo da maƙwabci, kana canzawa duk sati. Na'urar sana'a kuma ta zauna a nata ita kaɗai.

6. Riƙa leƙa jerin waɗanda ke kai, ka toshe wanda ba ka sani ba. Amma fa kada ka dogara da toshewa kawai, domin wayoyin yanzu suna iya canza lambarsu ta MAC su dawo kamar sababbi. Canza kalmar shi ne maganin.

7. A hotsifot na waya, ƙayyade adadin masu hawa zuwa ɗaya ko biyu, ka kunna kashe kai idan babu mai amfani.

Sai maganar kebul, wadda masu kafe da ofisoshi ke mantawa. Ramukan bayan rauta ba sa tambayar kalmar sirri, duk wanda ya soka waya ya shiga. Akwai kuma ɗan ƙaramin rami da in aka danna da tsinke na wasu daƙiƙoƙi, komai zai koma yadda ya fito daga kamfani, wahalarka ta tashi a banza. Manyan ma'aikatu suna amfani da tsarin 802.1X, inda kowa sai ya shigar da sunansa da kalmarsa kafin ramin ya ba shi hanya. Mu da ba mu kai nan ba, a ɗaga rautar sama ko a sa ta cikin akwati mai kwaɗo da iska ke shiga.

Ban ce a yi rowa ba, jama'a. Ko a gida ai baƙo zaure ake sauke shi, a kai masa ruwa da abinci, ba a miƙa masa makullin ɗakin ajiya. Yau kafin ka kwanta, juya bayan rautarka ka gwada "admin". In ta buɗe, ka san aikin da ke gabanka.

Wanda ya maƙale a wani mataki ya faɗi irin na'urarsa, zan yi bayani in Allah ya so. Allah ya tsare mana dukiyarmu da mutuncinmu.