Kwalbar Goggo da Tiren Amane

Goggona tana da wata kwalba da take ajiyewa a bakin taga, tsakanin casbi da tocila. Ɗanta da ke Jamus ya aiko mata, boga kamar yadda ake kiran 'yan ci-ranin Turai a nan Ghana. Kafso ne a ciki masu ruwan zinare, in ka ɗaga ɗaya a rana sai ka ga haske ya ratsa shi kamar zuma. Kullum bayan ta sha kokon safe takan haɗiyi guda, ta yi hamdala. Ranar da ta ga sun kusa ƙarewa ta miƙo min kwalbar ta ce, "Ɗan nan, in ka shiga Aboabo ka nemo min irinsa. Man kifi ne, ɗan'uwanka ya ce yana wanke zuciya."

Na same shi a wani shagon magani a gefen kasuwar Aboabo ta nan Tamale, bayan na ratsa buhunan masara da gyaɗa da ƙwarar kaɗanya. Kwalaben suna jere a cikin gilashin da ke bakin ƙofa, daidai inda ranar azahar take sauka. Mai shagon ya faɗi kuɗi, na lissafa na ga ya kai cefanen miyarmu na kwanaki. Na ce bari in zaga in dawo. Ban yi nisa ba ƙamshin banda ya tare ni: tarwaɗa da karfasa na Yeji da Buipe da Yapei an tara su a kwanduna, ga amane daga bakin teku a tire, ga ƙananan nan da ake dakawa a shito. Wata dattijuwa tana kora ƙuda da tsumma ta ce, "Malam, zo ka duba, na jiya ne." Nan na tsaya ina dariyar kaina. Na bar man a cikin kwalba, na zo na tarar da masu man a kwance a tire ana rokona in saya.

Labarin wannan kwalba ya faro ne daga wuri mai sanyin da ɗan Tamale ba zai iya kwatanta shi ba. A 1970 wasu likitoci biyu 'yan Denmak, Hans Olaf Bang da Jørn Dyerberg, suka tafi tsibirin Girinlan suka auna jinin mutanen Inuwit, waɗanda abincinsu kusan duka kifi ne da naman dabbobin teku. Suka danganta ƙarancin ciwon zuciya da ake ba da labari a can da wani nau'in kitse da ake kira omega-3, musamman iri biyu, EPA da DHA. Jiki yana bukatarsu, domin da DHA ake gina ƙwaƙwalwa da tantanin ido. Kamfanoni suka ga kasuwa, suka tace man suka ɗura a kafso.

Amma mutanen da aka auna jininsu kifi suke ci, babu wanda ya haɗiyi kafso a cikinsu. Da aka zo gwada kafson shi kaɗai, sakamakon bai kai yadda aka zata ba. A 2018 aka fitar da sakamakon wani babban gwaji a Amurka mai suna VITAL, mutum 25,871 aka bi har sama da shekara biyar, rabinsu suna shan giram ɗaya kullum. Da aka haɗa bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki da mutuwa ta dalilin zuciya, ba a ga wani bambanci na a zo a gani tsakaninsu da waɗanda ba su sha ba. A shekarar kuma gwajin ASCEND a Birtaniya, kan masu ciwon suga 15,480, ya faɗi kusan haka. Inda aka ga amfani shi ne gwajin REDUCE-IT: mutum 8,179 masu yawan maiƙo a jini, da ma suna kan maganin likita, aka ba su tacaccen EPA giram 4 a rana, haɗarin ya ragu da kashi 25 cikin ɗari. Sai dai wannan magani ne da likita ke rubutawa bayan gwajin jini, ya sha bamban da kwalbar bakin taga. Wani gwajin makamancinsa, STRENGTH, a 2020 aka tsayar da shi don ba a ga alamar amfani ba.

Da na koma shagon na juya bayan kwalbar na karanta ƙananan rubutu. A gaba an rubuta 1000 da manyan lambobi, a baya kuwa EPA 180, DHA 120. Wato miligiram 300 ke nan daga cikin dubun, sauran wani kitsen ne daban. Yankan kifin saman guda mai faɗin tafin hannu, wanda ake sayarwa a shagunan kifin ƙanƙara, yana ɗauke da abin da ya kai kafso uku zuwa huɗu, ga tsoka da ƙoshi a kai. Kifayen teku masu maiƙo, amane da saman da sadin na gwangwani, su ne masu wannan arziki. Karfasar ruwan Volta abinci ce mai kyau, amma nata man kaɗan ne. Shawarar da ƙungiyar likitocin zuciya ta Amurka ta daɗe tana bayarwa ita ce a ci kifi sau biyu a mako, an fi son mai maiƙo.

Abin da ya fi damuna shi ne gilashin nan na bakin ƙofa. Man kifi ba ya shiri da zafi da haske da iska, yana lalacewa kamar yadda man gyaɗa ke sauya wari in ya daɗe. A Maris da Afrilu zafin Tamale yakan kai digiri 40, kwalba kuma ta yini a rana ko a kan tiren mai talla. Kafso yana ɓoye wari, mai haɗiya ba zai sani ba sai gyatsa ta taso masa da ƙarni. Dabarar mai sauƙi ce: ka huda ɗaya da allura ka shinshina. In ɗan ƙamshin kifi ne, to. In wari ne mai hawa kai, ka zubar. Ka kuma duba ranar ƙarewar aiki da lambar rajistar hukumar abinci da magunguna ta Ghana, FDA.

Akwai kuma waɗanda bai kamata su taɓa shi ba sai sun tambayi likita. Mai shan maganin tsinka jini irin warfarin, ko wanda za a yi wa tiyata, ya faɗa wa likitansa. Shansa da yawa yana ƙara haɗarin rikicewar bugun zuciya, gwaje-gwajen nan masu giram 4 sun nuna haka. Mai juna biyu ta bambance man kifi da man hantar kifi, irin Seven Seas da iyayenmu suka ɗura mana da cokali muna yatsina fuska: na hanta yana da bitamin A da yawa, yawansa kuwa yana iya cutar da ɗan tayi. Ga Musulmi kuma akwai tambayar kwanson kansa. Da jelatin ake yin sa, daga saniya ko kifi ko alade, kuma ba kowane kamfani ke rubuta wanne ba ne. Mafi muni duka shi ne mai hawan jini ya ajiye maganinsa na asibiti ya kama kafso, don an ce yana wanke zuciya.

Shi ma tiren amane yana da nasa gargaɗi. Kifin koobi da momoni gishirinsu ya yi wa mai hawan jini yawa, bandar da ta ƙone baƙi ƙirin kuma hayaƙinta ba alheri ba ne ga jiki. Ga shi amanen kansa yana ƙaranci a tekun Ghana, har gwamnati ta fara rufe kamun kifi na wata guda ga masu kwalekwale a 2019. Can arewa, a Nuwadibu ta Muritaniya da gaɓar Senegal da Gambiya, masana'antu suna niƙa irin wannan kifi su mai da shi gari da mai, a kai Turai da Asiya, akasari don ciyar da kifin kiwo. Kifin talaka yana fita a jirgi, mu kuma ana aiko mana da kwalba muna godiya.

Na koma gida da amane a ƙunshin takarda, babu kwalba. Na huda ɗaya daga cikin kafson da suka rage na miƙa wa Goggo. Ta shinshina ta kawar da kai, ta ce, "Subhanallahi! Wannan nake haɗiya kullum?" Na ce, "Goggo, taga ce ta dafa shi." Na gaya mata ranar da za ta koma auna jini a asibitin koyarwa na Tamale za mu tafi da kwalbar, likita ya faɗi ko tana bukata. Ta dubi amanen ta yi murmushi ta ce, "Ido, wa ka raina? Wanda nake gani kullum." Sai ta rage murya: "Amma kada ka gaya wa ɗan'uwanka, zai ji babu daɗi. Da kuɗin guminsa ya saya."

Ban gaya masa ba. Daren nan tuwo muka ci da miyar ayoyo, amane ya ji a ciki. Kwalbar tana nan a bakin taga kusa da casbi, an wanke ta, allurai da maɓallai ne a ciki, kuma duk wanda ya shigo sai Goggo ta nuna masa ta ce daga Jamus aka aiko mata.