Rigar Bazara da Takardar Yanka

Zafin garin Lafiya a watan Maris da Afrilu ba irin na Sakkwato ba ne mai busar da fata. Namu da laima yake zuwa, kina zaune a inuwa gumi na tsattsafo miki ta ko'ina. Shi ya sa nake ce wa jikokina mata, rigar bazara ɗinkin gida ta fi dacewa da ita, domin mai jiki ita ta san inda zafi ke damun ta.

Na koyi yanka da takarda tun Lafiya na cikin Jihar Filato, kafin a ƙirƙiro Nasarawa a 1996. Malamarmu kan kawo ambulan na Butterick da Simplicity daga Amurka, da mujallar Burda ta Jamus. A cikin ambulan akwai takarda shara-shara da aka zana gaban riga da bayanta da hannu, kowane da lambarsa. Telolinmu ba sa bukatar wannan; tef da alli da ido sun ishe su, kuma ina girmama gwanintarsu. Amma mace mai keke ɗaya a ɗaka, wadda ba ta yi shekaru a gaban maigida ba, takarda ce ke riƙe mata hannu.

Sai dai ba don jikinmu aka zana ta ba, ba kuma don garinmu ba. Rigar zafin Turawa takan tsaya a gwiwa, hannu a yanke, ƙugu a ɗame. Ni sai in kwafe ta a kan takardar buhun siminti, in ƙara tsawo har idon sawu, in faɗaɗa hannu, in saki hammata da kamar inci ɗaya. A hammatar nan ake gane ɗinkin da aka yi da tunani. In ta matse, kafin azahar gumi ya zana taswira a jikin atamfa, ƙuraje kuma su biyo baya. In ta sami sarari, iska na shiga ta wuya ta fita ta hannu.

Yadi kuwa auduga zalla. Da muna sayen atamfar masaƙun Kaduna ba tare da fargaba ba. Tun da suka durƙushe, kasuwa ta cika da mai haɗin roba, mai sheƙi a ido, mai dafa mutum a rana. Ki zare zare ɗaya ki kusanta shi da ashana: auduga toka take zama, roba dunƙulewa take yi. Ki wanke yadin ki goge kafin almakashi ya taɓa shi, saboda auduga na tsukewa a wankin farko.

Kibiyar da ke jikin takardar ki daidaita ta da bakin yadi, in ba haka ba riga za ta karkace bayan wanki. Ki kuma lura, takardun Amurka sun bar miki wurin ɗinki a gefe, na mujallar Burda ke za ki ƙara da kanki.

Tsohuwar na'urar ɗinkina Butterfly ta ƙafa har yau tana aiki, ba ruwanta da ɗauke wuta. Da asuba nake hawa kanta, kafin rana ta bugi kwanon ɗaki, in yi kalmasa a hankali, shafi kuma ba na sa wa rigar bazara ko kaɗan.