Kakana da 'Yan Kiɗan Bompai

Yawancin 'yan makarantarmu in aka ce kiɗan da, Shata da Ɗan Maraya Jos ne suke faɗo musu a rai. Amma akwai wani kiɗa da ya yi tashe a Kano, na jita da ƙaho da gangunan Turawa, kuma kakana na wajen uwa yana cikin masu yinsa.

A ƙarshen shekarun 1970 shi makanike ne a wata masaƙa a Bompai. Su bakwai suka haɗa kai, wasu daga Sharada, ɗaya daga wata majema a Challawa, Hausawa da Ibo da Bayarabe. Adashi suka yi har suka sayi tsofaffin kayan kiɗa, shi ya ɗauki ƙaho. Ba su da ubangida. Wannan ne ya bambanta su da makaɗan gargajiya, waɗanda ke wasa sarki ko attajiri a ba su riga ko mota. Su kuwa abin da aka biya a bakin ƙofa ran Asabar da dare a Sabon Gari, shi suke rabawa. In ƙarshen wata ne wuri ya cika maƙil, in wata ya yi nisa sai kujeru.

Suna yin hailaif, suna kuma kwaikwayon wani kiɗan Jamaika da ake kira ska, wanda rege ya samo asali daga gare shi. A faifai suka koya, irin su "My Boy Lollipop" na Millie Small da ya fito a 1964. A wannan kiɗa jita ba ta sauka tare da ganga, sai ganga ta faɗi sannan ta cafe. Kakana ya ce bai sha wuyar koyo ba, don haka injin saƙa yake yi masa a kunne tun safe har yamma.

Gwaninsu shi ne Bala Miller, mutumin Zariya mai waƙar "Ikon Allah", wanda ya kafa ƙungiyarsa a Kaduna har ta riƙa fitowa a talabijin. Ya rasu a 2003. Su kam ko faifai ɗaya ba su yi ba, don manyan kamfanonin faifai irin su EMI a Ikko suke.

To, a 1986 gwamnatin Babangida ta kawo shirin SAP. Darajar naira ta faɗi, kayan gyaran inji suka yi tsada, ga rashin wuta. Masana'antu suka shiga rage ma'aikata, kuma waɗanda aka sallama ɗin su ne masu biyan kuɗin ƙofa. Babu wanda ya yi faɗa da wani a cikinsu, masu sauraro ne suka ƙare. Mai jita ya koma garinsu, aka sayar da ganguna. Daga baya ma sai ga fiyano, mutum ɗaya yana yin aikin mutum bakwai.

Abin da ke ba ni haushi shi ne har yau a gidanmu ba a son zancen. Saura kaɗan a hana shi auren kakata, wai maroƙi ne. Na taɓa tsokanarsa da haka, sai ya ce, "Ke amarya, tambayi duk Bompai, wa na taɓa roƙa?"

Ƙahon yana nan a ƙasan akwatinsa, naɗe cikin atamfar masaƙarsu. Maɓalli ɗaya ya cije, kuma mai gyaran da ya sani a Sabon Gari ya daɗe da rasuwa.