Muryar da ba ta amsa sallama

Ina yaro a Indabo, babu ranar da nake ɗoki kamar Juma'a. Da sassafe Baba zai goya ni a kekensa mu nufi kasuwar Wudil, tun kafin mu isa kara kukan shanu ya tarye mu. A nan na ga yadda ake ciniki: a taya, a ce albarka, a ƙara, a sallama, dillali ya karɓi la'adarsa.

Wata shekara Baba ya sayi maraƙi, kwana uku ya ƙi kiwo. Da Juma'a ta zagayo muka koma. Dillalin ya shimfiɗa mana tabarma, aka gaisa, aka tambayi iyali da damina, sannan ya aika aka kira mai dabbar. Kafin liman ya hau mumbari an sasanta. Ban ce mutanen da waliyyai ba ne, macuta ba su taɓa ƙarewa a kasuwa ba. Amma kowa ya san gobe za a haɗu a ɗaurin aure ko jana'iza, kunya kuwa tana aikinta.

Ko da wayar salula ta shigo ƙasar nan a 2001, mutum ne a tsakaninmu da ita. Mai lema a bakin titi shi zai danna maka lamba, in kati ya ƙi shiga ka koma wurin wanda ya sayar maka.

Farkon 2023, lokacin canjin kuɗi, tsabar naira ta yi wuyar gani. Muka sayi ragon suna a Wudil, na tura kuɗin ta waya. Aka cire mini, mai rago bai ga komai ba. Na kira lambar banki, Baba ya matso da bakinsa kusa da wayar ya ce, "Salamu alaikum." Wata murya ta ci gaba da Turancinta: danna ɗaya, danna biyu. Ya dube ni ya ce, "Kai, wannan 'yar wane gida ce da ba ta amsa sallama?" Na ce, "Baba, na'ura ce." Aka yi ta kaɗa mana kiɗa har katina ya ƙare. Na koma WhatsApp, can ma na'ura ce: ta jero mini zaɓi biyar, babu nawa a ciki, duk abin da na rubuta ta mayar da ni farko. Abin da ya fi ƙona mini rai, ko wanda zan ce wa "don Allah" ban samu ba.

Dillalin da ya shiga tsakani, ɗan wancan na da ne, ya ce, "Ku tafi da ragon, Alhaji, ai mun san gida."

Sai a kwana na tara kuɗin suka dawo. Juma'ar da ta biyo Baba ya ƙi yarda in sake turawa. Muka bi masu POS muka harhaɗa tsaba, ya je Wudil da kansa ya damƙa wa mai rago a hannu.